Laraba a kasuwar Johari

Sai yanzu, bayan isha'i, na samu na zauna. Ƙafafuna sun kumbura, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi a raina.

Jiya muka baro Delhi zuwa Jaipur a jirgin ƙasa, tafiyar awa huɗu da wani abu, ni da ɗan Yaya. Ita Yaya mun bar ta a masauki tare da 'yarta, gwiwar da aka yi wa aiki tana samun sauƙi, alhamdulillahi. Ita ce ma ta matsa min. Ta ce, "Bikin autarki saura wata uku, kin zo har Indiya, ki koma ba ki ga Jaipur ba?"

Da hantsi muka hau adaidaita sahu, irin namu na Kano sak, ya sauke mu kusa da Hawa Mahal, dogon ginin nan mai ƙananan tagogi 953 da aka gina a 1799 domin matan gidan sarauta su riƙa kallon titi ba a gan su ba. Na tsaya na ɗan kalle shi, amma hankalina yana gaba. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Johari Bazaar, wato kasuwar masu kayan ado. Shaguna a jere ƙarƙashin rumfa, duk fenti ɗaya, ja-ja kamar jan ƙasa. Tun 1727 aka kafa garin, kuma tun farko aka ware wa kowace sana'a layinta.

Ba mu yi nisa ba wani saurayi ya manne mana, wai zai kai mu inda ake sayar da duwatsu a rabin kuɗi. Ɗan Yaya ya ce, "Inna, kada ki kula shi, kamashonsa a kanki za a ɗora." Muka wuce.

Shagon da muka shiga ƙarami ne, a wani lungu da ake kira Gopalji ka Rasta. Aka cire takalmi, aka zauna a kan katifa mai farar shimfiɗa, aka kawo shayi mai madara da citta. Na ce sarƙa da 'yan kunne nake nema na amarya. Dattijon mai shagon ya buɗe wani akwati, sai na rasa bakin magana. Kundan suke ce masa. Ana dasa duwatsun ne a cikin zinare, a bi gefensu da tataccen zinare mai laushi a danne, ba ƙugiya ko ɗaya da ta riƙe dutsen. Na ɗauka a hannu, nauyinta ya cika min tafi, zuciyata ta ce wannan ce.

Sai na yi tambayar da kowace Bahaushiya za ta yi: giram nawa ne? Dattijon bai ɓoye min ba. Ya ce nauyin da nake ji ba duka ne zinare ba, cikin sarƙar cike yake da wani ƙaro da suke kira lak, shi ke riƙe duwatsun. Ya ce yawancin kuɗin na aikin hannu ne, kuma irin wannan ƙira doka ba ta tilasta a buga mata hatimin tantance zinare ba. Jikina ya yi sanyi. Mu a wajenmu gwal ajiya ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da awarwaronta biyu ta biya kuɗin makarantar ƙanenmu shekarar da Baba ya kwanta. In 'yata ta kai wannan sarƙa wajen 'yan gwal a Kasuwar Rimi ranar da ta shiga matsi, sikeli za su ɗora ta, su cire dutse, su cire ƙaro, ba wanda zai biya ta wata biyun da maƙeri ya yi a sunkuye.

Ina shirin mayar masa sai ya ce in juya bayanta. Na juya. Wallahi bayan ya fi gaban kyau. Furanni ja da kore da tsuntsaye ƙanana a kan fari, duk a wurin da zai kwanta a fatar wuya, inda ba mai gani sai mai ita. Minakari ke nan. Ana sassaƙa zanen a jikin zinaren, a zuba garin gilashi mai launi a cikin ramukan, a gasa a wuta, kowane launi da nasa shiga wutar, sannan a wanke da ruwan tsamiya. Ana cewa Raja Man Singh ne ya kawo masu wannan sana'a daga Lahore sama da shekara 400 da suka wuce. Na daɗe ina shafa shi da ɗan yatsa. Na tuna yadda kakata take yi wa cikin ƙwarya zane, ba bayanta kaɗai ba.

Da azahar ɗan Yaya ya tafi masallacin Juma'a da ke cikin kasuwar, ni kuma aka hau da ni bene inda masu gyaran dutse suke aiki. Musulmi ne, suka amsa min sallama, suka ba ni darduma. Bayan na idar na zauna ina kallonsu. Kowa ya manna ɗan dutse a bakin tsinke, yana goga shi a jikin faifai mai juyawa, ya ɗaga ya duba, ya sake gogawa. Zumurrudu ne, kuma daga Zambiya aka kawo shi. Da suka ji daga Najeriya nake, ɗaya ya buɗe wata 'yar takarda ya nuna min shuɗayen duwatsu, ya ce irin na ƙasarmu ne. Na san ana haƙo safaya a Mambila, amma ban taɓa riƙe wanda aka goge ba sai yau, a ƙasar wasu. Abin ya tsaya min a rai. Yaranmu ne ke shiga ramin, a sayi dutsen a hannunsu da ƙasarsa, gogewar da ke ba shi daraja kuwa a nan ake yin ta.

Shi ne kuma ya faɗa min yawancin zumurrudu ana shayar da shi mai don a ɓoye tsagarsa, ya ce duk dutse mai tsada kada in biya sai an kai shi ɗakin gwaji an ba ni takarda. Ban sayi dutse ba.

Bayan la'asar na yanke shawara. Na saya wa auta sarƙa da awarwaro biyu na zinare mara dutse, karat 22. Na karɓi gilashin ƙara girma na dattijon na duba hatimin da kaina: alamar BIS, wato hukumar tantance ingancin kaya ta Indiya, lamba 916 mai nuna karat 22, da haruffa da lambobi shida da ake ba kowane kaya nasa. Aka auna a gabana, aka rubuta nauyi daban, kuɗin aiki daban, harajin kashi 3 cikin 100 daban. A kan kuɗin aikin kaɗai muka yi ciniki, ya rage min kaɗan. Ɗan Yaya ya ɗauki zoben azurfa.

Har na sa takalmi na dawo. Na ce a ciro min 'yan kunnen kundan ƙanana, masu jan fure a baya. Waɗannan ba na ajiya ba ne, kuma zan faɗa mata haka ranar da zan ba ta, in ce ta juya bayansu ta gani.

Na kira Yaya ta bidiyo na nuna mata. Ta ce in matso da su kusa da waya. Jirginmu na komawa Delhi da sassafe ne, kayan suna cikin jakar da zan rataya a wuya.