Fastar ruwan gishiri da sukari

Makon jiya na zauna gaban kwamfuta ina zana fasta kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Bayanin gajere ne: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zanen farko ya sha ado da launuka. Na nuna wa Inna, ta ƙura masa ido ta ce, "Ɗan nan, gishirin nawa ne?" Gabana ya faɗi, domin gishiri in ya yi yawa cutar da yaro yake yi.

Na share komai. Na jera cokula shida, kowanne shafe ba tsororo ba, rabin cokalin gishiri kuwa shi kaɗai na ba jan launi. Da na zo sa wa fastar motsi a After Effects, manhajar da ake mayar da zane bidiyo mai motsi da ita, ban bar abu biyu sun motsa tare ba. Ruwa ya cika kwalba, cokulan sukari su shigo ɗaya bayan ɗaya yadda uwa za ta ƙirga da baki, gishiri ya zo ƙarshe ya tsaya daƙiƙa 3. Rubutun ma na ƙara masa girma, tunda a ƙaramar waya za a kalla ta WhatsApp.