Tashin fitsari da dare ga dattawa: a fara duba lokacin kwanciya

Dattijon da ya kwanta da an idar da Isha'i, bai tashi ba sai kiran Asuba, ya yi awa takwas ko fiye a shimfiɗa. Da wuya mafitsarar mai shekara 65 ta riƙe fitsarin wannan tsawon lokaci, domin sinadarin da ke sa ƙoda ta rage aiki da dare yana raguwa da tsufa, mafitsarar ma ba ta ɗauka kamar da. Tashi sau ɗaya ba komai. Sau biyu zuwa sama kullum shi ne abin dubawa.

Sau da yawa ba fitsarin ne ya tashe shi ba, barcin ne ya ƙare da ƙarfe biyun dare, sai ya ji fitsari a mara. Irin wannan a jinkirta masa kwanciya zuwa ƙarfe goma, barcin rana kada ya wuce rabin awa.

Kuskuren da 'ya'ya ke yawan yi shi ne hana tsoho ruwa. A zafin Yamai na Afrilu da Mayu wannan haɗari ne. A mai da yawancin shan daga safe zuwa La'asar, awa biyu kafin barci kuwa kurɓa kawai. Shayi, Nescafé da goro su tsaya daga La'asar, a kuma rage gishiri da magi a miyar dare.

A duba ƙafafu da yamma. In an danna yatsa ya bar gurbi, ruwa ne ya taru, kuma da an kwanta zai koma jini, ƙoda ta mai da shi fitsari. A miƙe ƙafafu bisa matashi na awa ɗaya bayan La'asar, ruwan ya fita tun kafin dare. Mai shan Lasilix, maganin da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari, ya tambayi likita lokacin sha, kada ya canza da kansa.

Kafin zuwa asibiti a auna fitsari kwana uku da kofi mai alamar mililita, a haɗa na farkon safiya cikin na dare. In na daren ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jimillar, matsalar yawan fitsarin dare ce. In kuwa kaɗan kaɗan ne, da yunƙuri da ɗiga, a namiji a duba furostat, wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara wadda in ta kumbura take matse hanyar fitsari. Ƙishirwa da rama na iya nuna ciwon sukari. Jini a fitsari ko tsayawarsa gaba ɗaya ba sa jiran gobe.

A ajiye tocila da bokiti mai murfi kusa da gado, ya ɗan zauna kafin ya miƙe, saboda jiri da faɗuwa.