Kada ku dogara da sanarwa kaɗai wajen sabunta fihirisar bincike

A makon jiya na ga wani yaro da muka ɗauka aiki yana haɗa fihirisar Elasticsearch, wato manhajar da ke jera bayanan takardu don a iya bincikensu, da sabar fayilolin ofis, kuma duk dogaronsa a kan inotify yake, wato tsarin Linux da ke ba da sanarwa idan an taɓa fayil. Da na ce masa wannan ba zai isa ba, sai ya ce ai ya gwada, yana aiki. Ni ma abin da na faɗa ke nan a lokacina.

A wani wuri da na yi aiki, na gina komai a kan sanarwa, ban san cewa layin inotify sanarwa 16384 yake riƙewa idan ba a ƙara masa ba, kuma da zarar ya cika sai ya zubar da sauran. Daren da aka kwafo tsofaffin takardu gaba ɗaya, layin ya cika, ya kuma aiko da alamar cikar, amma manhajata ba ta sauraron wannan alama. Ba zan ɗauki laifin ni kaɗai ba, domin sabar ta tsufa, bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana durƙusar da ita, shugabanni kuma sun hana a takura mata. Duk da haka, ni ne na ƙi karanta abin da aka rubuta ƙarara, cewa inotify ba ya ganin canjin da wata kwamfuta ta yi ta hanyar NFS, wato tsarin da ke ba kwamfuta damar taɓa fayilolin da ke kan wata ta hanyar sadarwa.

Daga baya na koma duba ranar gyara ta ƙarshe ta kowane fayil, na manta cewa fayil ɗin da aka goge ba shi da ranar da zai nuna, kuma canza izinin buɗe fayil ba ya taɓa wannan rana. Sai ga takardar albashi da aka riga aka kulle tana fitowa, da sunanta da layukanta na farko, a binciken ƙaramin ma'aikaci. Har yau abin yana damuna.

Ku 'yan yanzu, da ke kwafo umarni daga intanet ba tare da buɗe shafin bayaninsa ba, ku saurara. Kowane dare ku kwatanta abin da ke sabar da abin da ke fihirisa, ku share daga fihirisa abin da babu a sabar. Kada ku yarda da sanarwa, amma kada ku kashe ta, don wanda ya ajiye takarda da safe ba zai jira dare ba. Izini kuwa, ku duba shi a lokacin nuna sakamako, ko da hakan zai rage saurin binciken.