Ledar da ta ja mana asarar shekara uku

A ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a rumbun adana iri, kuma har yau babu abin da ya tsaya mini a rai kamar wata leda guda ɗaya.

A shekarata ta biyu a aikin ne. Bayan dogon fari aka samu ruwa a hamada, ɗan guntun itacen da muka daɗe muna bibiya ya yi fure, ya ba da 'ya'ya. Kwana biyu muna tsinka gindi-gindi, ba mu ɗebi fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da ya nuna ba, don a bar wa ƙasa rabonta. Da jakunkunan yadi suka ƙare, sai na zuba sauran a leda na ƙulle, da niyyar in juye da zarar mun isa. Shugaban tawagarmu ya ce sai mun biya ta wani taro, motar ta yi kwana biyu a rana. Ina kwance bakin ledar warin ruɓa ya buge ni. Cikinta ya yi gumi, funfuna ta lulluɓe ƙwayoyin fari fat. Na tsaga goma da reza, duk sun yi baƙi.

Laifin leda nawa ne, ban taɓa musu ba. Iri abu ne mai rai, yana numfashi, kuma zafi da laima ne ajalinsa. Shi ya sa ake busar da shi a ɗaki mai sanyin digiri 15 da laima kashi 15, kafin a rufe a kwalba a kai shi digiri 20 ƙasa da sifili, kamar yadda ake yi a babban rumbun Kew da ke Ingila. Amma rahoton da aka rubuta kan asarar bai ambaci taron da ya jawo jinkirin ba, sunana kaɗai ya fito. Wanda zai gaje ni, don Allah ka riƙa rubuta ranar tsinka da ranar isa da hannunka, ka ajiye kwafi.

Sauran darussan ba su da tsawo. A tsaga iri tun a daji, domin ƙwari kan bar shi holoƙo. Irin da ya ƙi tsirowa ba lallai ya mutu ba, wani sai an kankare ɓawonsa.

Sai bayan shekara uku itacen ya sake 'ya'ya. Ni na tsinko, ni na busar, kuma rubutun da ke jikin kwalbar nan ta ɗakin sanyi hannuna ne.