Wa ya kamata a karrama a aikin da ba a ganinsa sai ya lalace?

Duk wanda ya daɗe a wannan fanni namu na haɗa fasahar zamani da zirga-zirga, wato danja da kamara da na'urorin ƙirga motoci da manhajar da ke haɗa su suna magana da juna, ya san in ka yi aikinka da kyau ba wanda zai sani. Direba zai taso ya wuce danja biyar shida a jere duk kore, ba zai taɓa cewa Allah ya saka wa wanda ya lissafa sakannin nan ba, cewa zai yi yau na yi sa'ar hanya. Amma ranar da waya ɗaya ta tsinke a ƙarƙashin kwalta, danja ta riƙa ba wa layin da babu kowa hannu, ɗayan layin kuma ya cika maƙil, to ranar kowa zai tuna akwai mu, kuma ba da addu'a ba. Tunda aka fara sa ni cikin masu rubuta takardar gabatar da mutane dan lambar yabo, daga baya kuma na zauna cikin masu tantancewa, wannan abun ne ya fi tsaya mun a rai, ta yaya ake auna mutumin da nasarar shi ita ce haɗarin da bai faru ba da gosulon da bai taru ba?

Akwai wani labari da nake yawan ba matasan da ke zuwa wajenmu. A jihar Minesota ta Amurka, a shekarar 2000, mutane sun gaji da ƙananan danjojin nan da ake sakawa a bakin shiga babbar hanya masu sakin mota ɗaya-ɗaya, suna ganin ɓata lokaci ne kawai, har majalisar jihar ta sa aka kashe su gaba ɗaya, guda 433, na kusan sati takwas dan a ga me zai faru. Abun da ya faru shi ne lokacin tafiya a manyan hanyoyin ya ƙaru da kashi 22 cikin 100, haɗurra suka ƙaru da kashi 26, yawan motocin da hanyar ke iya ɗauka ya ragu da kashi 9. Shekara da shekaru akwai mutanen da ke zaune suna gyara lissafin danjojin nan ba wanda ya san sunansu, sai da aka kashe aikin nasu sannan aka ga girman shi. Kuma in za a faɗi gaskiya masu ƙorafin ma suna da nasu, dan bayan gwajin an rage tsawon jiran da ake yi a bakin shigar, abun da ya kamata a ce an saurara tun farko. Amma dai ba za ka iya kashe aikin kowane injiniya na wata biyu dan ka gane ko ya cancanci yabo ba, dole a nemo wata hanyar.

Ƙungiyoyin fannin ba wai ba sa ƙoƙari ba ne. ITE, ƙungiyar injiniyoyin sufuri da aka kafa tun 1930, tana da lambar Burton W. Marsh da ake bayarwa musamman saboda hidima. Reshen wannan fanni na IEEE, wato ƙungiyar injiniyoyin lantarki, wanda ya fara a matsayin majalisa a 1999 ya zama cikakkiyar ƙungiya a 2005, yana da lambobi daban-daban, ta bincike daban, ta aiwatarwa a aikace daban, ta cibiyar da ta yi jagoranci daban, harda ta wanda ya ƙarar da rayuwar shi a aikin. Ƙungiyoyin ITS America ta Amurka da ERTICO ta Turai duk a 1991 suka fara, babban taron duniya na fannin kuma an fara shi a Faris a 1994, ana karrama mutane a can ma. Wato gurbin yabo akwai shi, sai dai abun da ke isowa teburin kwamiti ne bai cika daidai da abun da ke faruwa a kan titi ba.

Kwamiti takarda yake gani, bai san mutumin ba. Mai bincike takardar shi tana rubuta kanta, maƙala kaza ya buga, an ambace shi sau kaza, ɗalibai kaza ya yaye, duk alƙaluma ne da ake iya jerawa a gwada da na wani. Shi kuwa wanda ya riƙe ɗakin kula da zirga-zirga na wani birni shekara ashirin, takardar shi sai ta zo da jimla irin su mutum ne mai ƙwazo, mai haƙuri, kowa na son shi, to wallahi ko kai ne a kwamitin ba yanda za ka yi da wannan, dan kowa ma haka ake rubuta mishi. Sai na fahimci yawancin masu hidima tun a hannun mai rubuta musu takarda suke faɗuwa kafin ma a zo zaɓe. Yanzu in zan gabatar da wani sai na zauna na tono, kafin ya karɓi aikin kashi nawa na na'urorin gano mota ke aiki, yanzu kashi nawa ne, in an yi haɗari minti nawa ake ɗauka kafin a buɗe layi da can da kuma yanzu, su wa ya koya wa aiki kuma ina suke yau, wane abu ne ya rubuta da har yanzu ake bi bayan ya bar wajen. Aiki ne mai cin rai dan sau da yawa shi kanshi mutumin bai ajiye komai ba, irin mutanen nan ba sa ajiye shaidar kansu, sai ka bi tsofaffin rahotanni da littafin gyara kana haɗawa.

Sai kuma ƙyalli, shi ma yana jan ido ba kaɗan ba. Kowa a fannin nan ya san gasar motoci masu tuƙa kansu da DARPA, hukumar binciken tsaro ta Amurka, ta shirya a 2005 da motar Stanley ta jami'ar Stanford ta ci ƙarƙashin Sebastian Thrun, dala miliyan 2, bayan a 2004 ba motar da ta kai ƙarshe. Sun cancanta, ba na ja. Amma mutum nawa ne za su iya kiran sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna shekaru suna rubuta ƙa'idar 802.11p da aka amince da ita a 2010 dan mota ta iya magana da mota da kuma danja? Aikin kwamitin ƙa'ida aiki ne na sa kai, taro ne da ba ya ƙarewa, ana gardama kan kalma ɗaya wata da watanni, kamfanoni kowa na jan bargo ɓangaren shi, a ƙarshe takarda ta fito da lambar ƙa'idar kawai ba sunan kowa a bango. Kuma ba tabbas ma abun zai yi tasiri, dan hukumar sadarwa ta Amurka da ta ware megahaz 75 na zangon rediyo saboda wannan aiki a 1999 ita ce dai a 2020 ta ɗauke 45 ta ba wa wayifai ta bar 30. In ka auna mutanen nan da sakamakon kasuwa sai ka ce ba su yi komai ba, alhali tsarin saƙonnin da aka yi ta wahala a kai a lokacin har yanzu ana amfani da shi a sabuwar fasahar da ta biyo baya.

Misalin da ya fi burge ni a jagoranci shi ne na GTFS, tsarin da ya sa yau kake buɗe taswira a waya ta faɗa maka bas ɗin da za ka hau da lokacin shi. A 2005 ne hukumar sufurin birnin Fotland, TriMet, ta haɗa kai da Google, kuma wata ma'aikaciyarta Bibiana McHugh ce ta yi ta bibiyar abun. Fasahar kanta ba wani abun mamaki ba ne, ƴan fayel ne masu sauƙi da ko ƙaramar hukuma za ta iya haɗawa. Jagorancin shi ne yarda a saki bayanan a fili, a bar tsarin a buɗe kowa ya ɗauka, a lokacin da hukumomi da yawa ke riƙe jadawalinsu kaman sirri. Anan na gane kujera daban jagoranci daban. Takardu da yawa da ke zuwa da sunan jagoranci jerin muƙamai ne kawai, ya yi shugaban wannan, ya yi mataimakin wancan, in ka tambaya to me ya canza a lokacin shi sai a yi shiru. Ni tambayar da nake yi yanzu ita ce wane hukunci mai wuya ya yanke wanda da wani ne a wajen da bai yanke ba. Wani ogan jagorancin shi gaba ɗaya shi ne ya tsaya kai da fata sai an sa kuɗin gyara a kasafi kafin a sayi sabbin kamarori, ko ya ƙi karɓar aiki daga ɗan kwangila har sai na'urorin sun iya magana da na wani kamfani, ya sha baƙin jini akan haka kuma ba hoton yanke kyalle ko ɗaya da zai nuna.

Maganar gyaran nan tana da muhimmanci fiye da yanda mutane ke zato. Tsarukan danja masu canza lokaci da kansu, irin SCATS da aka ƙirƙira a Sidni tun shekarun 1970 da SCOOT na Ingila, duk wayonsu a kan abun da na'urar gano mota ta faɗa musu yake. In an yanka kwalta dan binne bututu aka tsinke wayar, tsarin ya makance a wannan layi, sai ya koma zato ko tsohon lissafi. Wato mai gyaran da ke fita da tsakar dare cikin ruwan sama ya buɗe akwatin danja shi ne ke riƙe da duk hikimar da farfesoshi suka rubuta, amma galibi ba ya cikin ƙungiyar ma balle a gabatar da shi. Shi ya sa nake ɗan jin wani iri in na ga an ba wani tsari lambar yabo a shekarar da aka ƙaddamar da shi, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, a bari mana ya yi shekara biyar a ga ko rabin na'urorin na nan da rai, sannan in za a karrama a haɗa da waɗanda suka raya shi.

Wani abun da ba a son faɗa shi ne yabo yana zagayawa ne a tsakanin waɗanda suka san juna. Babban taron duniyar nan tsakanin Turai da yankin Asiya da nahiyar Amurka yake juyawa, wanda ke da kuɗin tafiya da biza shi ake gani, wanda ake gani shi ake tunawa in lokacin gabatarwa ya yi, kuma wanda ya taɓa samun lamba ɗaya ta biyun ta fi mishi sauƙi saboda ta farkon ta zama hujja. Ba na ce mugunta ba ce, kasala ce kawai irin ta ɗan Adam, sunan da ya fara faɗo maka shi kake rubutawa. Maganin da na gani yana ɗan aiki shi ne a tilasta wa kwamiti ya fita nema da kanshi maimakon zaman jiran takardu, a tambayi ƙananan ma'aikata wa kuke kira in abu ya kwaɓe, dan sunan da za su faɗa sau da yawa ba ya cikin jerin da ke kan tebur. Haka masu duba maƙalu kyauta, da masu shirya taro, da matan da ake ɗora wa rubuta bayanin zama da kula da sabbin shiga shekara bayan shekara kaman dama aikinsu ne, duk hidima ce da fannin ke tsaye a kai.

Ni dai yanzu ban ma cika damuwa da babbar lambar da ake bayarwa a dandamali ba, tana da kyau, yabon gwani ya zama dole, amma mutum ɗaya ne a shekara. Wanda ke hannun kowane oga shi ne ya sa sunan yaron da ya yi lissafin a kan rahoto ba nashi kaɗai ba, ya bar shi ya tsaya gaban manya ya yi bayanin aikin da bakin shi, in an kira taro a ce wance ce ta gano dalilin da ya sa danjar can ke rikicewa duk yamma. Kuma yabon ya taho da wani abu a hannu, ƙarin girma ko kujerar horo ko ƙarin ma'aikata, dan na ga mutanen da aka ba allon yabo a wata ɗaya aka yanke musu kasafin gyara a wata na gaba, kuma sun gane saƙon sarai. Kar kuma a jira sai mutum zai yi ritaya, lokacin yabon ba zai ƙara mishi komai a aiki ba.

Gardamar da har yau ba mu gama ba a tsakaninmu ita ce ko a riƙa ba mutum ɗaya ne ko tawaga. Masu cewa tawaga suna da hujja, ba tsarin zirga-zirgar da mutum ɗaya ya taɓa ginawa, kuma in ka ware ɗaya sauran na iya jin haushi. Ni kuma abun da na lura shi ne in aka ce tawaga, oga ne ke hawa ya karɓa, allon ya ƙare a ofis ɗin shi, bayan shekara biyu ba mai tuna su waye a ciki. Dan haka in za a ba tawaga to a rubuta sunan kowa har da masu gyara da masu zaman dare a ɗakin kula, a kuma faɗi abun da kowannensu ya yi, ko da kuwa karanta sunayen zai ci minti goma na lokacin taro.