Sai Kwamfuta Ta Kwana Tana Lissafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da kwamfutocin gwanjo a Kano, ni da yarana uku. Kaya su iso a kwali, mu kakkaɓe ƙura, mu canza batir ko allo. Wannan kowa na yi. Abin da maƙwabta ke yi mini dariya a kai shi ne ba na barin kwamfuta ta bar shago sai ta kwana tana lissafi.

Manhajar da nake ɗora musu sunanta Prime95. Wani Ba'amurke, George Woltman, ya rubuta ta, kuma ba don masu gyara irina ba. Ya yi ta ne don shirin GIMPS da ya kafa a 1996, na farautar lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, irin su 7 da 13 da 31. Ni gagara-raba nake ce musu. Waɗanda ake farauta su ne masu sunan Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa: a jera 2 sau kaza a ninninka, a cire ɗaya. Lissafin kan matse firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM, ma'ajiyarta ta wucin gadi, har su ji a jikinsu, kuma manhajar ta riga ta san amsar gwajin. Kuskure ɗaya, sai ta ja birki. Ita ce ma ta tona wani aibi a firosesar Skylake ta kamfanin Intel, wanda kamfanin ya amsa a farkon 2016.

Ran nan ƙaramin yarona ya ce, "Oga, wai me take ƙirgawa ne haka har fanka na kuka?"

Na jawo murfin kwali na rubuta masa 147,573,952,589,676,412,927. Na ce 2 ce sau 67, an cire ɗaya. Mersenne ya sa ta cikin gagara-raba a 1644. A 1876 wani masanin lissafi, Édouard Lucas, ya tabbatar tana rabuwa, amma bai iya faɗin da me ba. Sai 1903, a wani taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya tashi ya nufi allo, bai ce uffan ba, ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da alli, amsa ta fito daidai, ya koma ya zauna. Ranakun Lahadi na shekara uku ya ci kafin ya samo su.

Na ba yaron lambobin biyu na ce ya ninka da biro. Kafin la'asar ya gama, sau ɗaya kawai ya ɓata. Da na ce to ya manta da su ya nemo su daga babbar, sai ya ce, "Oga, gara ka aike ni Sabon Gari a ƙafa."

Gwajin na da tsada, ban musa ba. Wuta ba tabbas, batiran sola na shan wahala da dare. A watan Afrilun bara wani Alhaji ya zo ɗaukar guda shida, yana sauri, direba na jira. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri zuwa gobe." Ransa bai so ba. Biyar suka kwana lafiya. Ta shida, wadda ta fi kowacce ƙyalli, ko minti arba'in ba ta yi ba ta ɗauke ɗif. Da muka buɗe, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ƙamas kamar tsohon siminti, fankar kuma ta toshe da gashin kyanwa.

Gagara-raba mafi girma da GIMPS ta sanar a Oktoban 2024 tana da alƙaluma 41,024,320. Yaron nan har yanzu yana naci mu ware kwamfuta ɗaya ta shiga farautar. Na ce masa in ya yarda a cire kuɗin wutar daga albashinsa, ga wata tsohuwar Dell can a ƙarƙashin tebur.