Idan allurar mitar babur ta kwanta, daga taya ake fara bincike

Duk wanda ya saba hawa acaɓa a cikin birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa ko Babbar Kasuwa, idan ya leƙa ta kafaɗar mai tuƙi zai tarar cewa a babura da dama allurar mita tana kwance a kan sifili, ko da kuwa ana sharara gudu. Wasu masu baburan sun ɗauki abin a matsayin lalurar da ba ta hana tafiya, wasu kuma suna tsoron cewa gyaran ba zai yiwu ba sai an sayi sabon kan mita sukutum. A ganina babu mai gaskiya a cikinsu, domin sau da yawa kan mitar lafiyarsa ƙalau, abin da ya lalace yana can ƙasa tsakanin taya da waya, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kan ba.

Mitar da nake magana a kanta ita ce mai waya, irin wadda ke jikin yawancin Bajaj Boxer da Jincheng da ke bisa titunanmu, ba mai allon lantarki ba. Fasahar tsohuwa ce, domin wani injiniya mai suna Otto Schulze ne ya yi mata rajista a Jamus tun 1902, kuma har yau tsarinta bai canza sosai ba. A cibiyar tayar gaba akwai wata 'yar giya da ke juyawa tare da taya. A babur mai birkin ganga tana zaune ne a cikin faifan birkin. Giyar tana murza wata siririyar waya ta ƙarfe da ke cikin kube, wadda bakinta yake da kusurwa huɗu domin ya kama ramin da yake shiga. Wayar tana hawa ta gefen ƙafar gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, har zuwa ƙarƙashin kan mita, inda take juya wani maganaɗisu. Kusa da maganaɗisun akwai ɗan kofin alminiyam da ke riƙe da allura, kuma babu inda su biyun suke taɓa juna. Juyawar maganaɗisun ce take haifar da wata 'yar wutar lantarki a jikin kofin, wutar kuma ta sa kofin ya riƙa ƙoƙarin bin sa, yayin da wani siririn sifirin mai kama da gashi yake jan sa baya. Inda ƙarfin biyun ya daidaita, nan allura take tsayawa.

Lambobin da ke ƙirga kilomita kuwa ba ruwansu da maganaɗisu. Wasu ƙananan giyoyi ne ke tura su kai tsaye daga sandar da wayar take juyawa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin binciken duka, kuma abin mamaki ne yadda ake yawan tsallake shi. Kafin a ɗauki sifana, a hau babur a yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ana lura da lambobin. Idan suna ƙaruwa amma allura ba ta motsi, to giyar ƙasa da waya suna aikinsu, matsalar tana cikin kan mita. Idan kuwa allura da lambobi duk sun tsaya cik, to juyawar ce ba ta isowa sama, kuma babu dalilin taɓa kan mitar tukuna.

A ce duka biyun sun mutu. Sai a ɗora babur a kan babban jak, wani ya danna bayansa har tayar gaba ta bar ƙasa. A leƙa ƙarƙashin kan mita, bayan fitila, a taɓa notin da ke ɗaure wayar. Girgizar hanyar da ba ta da kwalta tana kwance shi a hankali, kuma akwai baburan da gyaransu bai wuce a murɗa wannan noti da yatsu ba. Idan a ɗaure yake, a kwance shi, a fito da bakin wayar, a wulwula tayar zuwa gaba ana kallon ƙarfen ciki. In ya juya, kada a yi saurin murna. A kama shi da yatsu biyu a ɗan matsa, a sake wulwula tayar. Wayar da ta tsinke a tsakiya, ko wadda bakinta na ƙasa ya cinye, tana iya juyawa idan babu abin da ya riƙe ta, amma da zarar ta ji nauyi sai ta tsaya. Lafiyayyar waya tana ƙwace kanta daga yatsu.

Daga nan sai a kwance ƙasan, a zaro ƙarfen daga cikin kubensa. A ƙasarmu abin da yake fitowa ba shi da kyan gani: ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama wani jan kwaɓi mai yashi-yashi, wani lokaci kuma da tsatsa a ƙarshen da ke kusa da taya, inda ruwan damina yake kwanciya bayan an ratsa kududdufi. A wanke shi da kananzir, a goge, a duba bakin. Idan kusurwoyin nan huɗu sun goge sun yi sumul suna ƙyalli, wayar ta gama aiki. A kwantar da ƙarfen a kan siminti mai santsi a mirgina shi da tafin hannu; duk inda ya yi tsalle, akwai lanƙwasa a wurin. A bi jikinsa da tsumma kuma, domin silin da ya fara warwarewa zai kama zaren. Waya mai lanƙwasa ko mai warwara ita ce ke sa allura rawa tana sama da ƙasa, saboda tana maƙalewa a cikin kube sannan ta saki kanta da ƙarfi, kuma wannan rawar gargaɗi ce cewa tsinkewa ta kusa. Ban ga amfanin miƙar da irin wannan waya da filaya ba. A sayi sabuwa tare da kubenta, a tafi da tsohuwar shagon domin a gwada tsawo da siffar baki.

Idan wayar lafiya lau take amma ba ta juyawa, sai a koma ga giyar cibiya, kuma a nan ne na fi ganin ɓarnar da hannun mutum yake yi. Giyar tana da wasu 'yan kunnuwa da dole su zauna a cikin gurabensu a jikin cibiyar taya. Lokacin da aka cire tayar gaba domin faci ko canjin birki, idan aka mayar da ita cikin gaggawa ba a daidaita kunnuwan ba, aka ɗaure notin tsakiya tamau, sai su lanƙwashe ko su karye. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa yakan fara da tambaya: "Malam, yaushe rabon da a cire maka tayar nan?" Idan amsar ta zo daidai da ranar da mita ta mutu, an gama bincike. Kunnen ƙarfe da ya ɗan lanƙwashe ana iya tayar da shi. Giyar roba da haƙoranta suka cinye kuwa sai dai a sake ta, a wanke gurbinta, a sa sabon giris kaɗan, a kiyaye kada ya taɓa takalmin birki.

Wajen mayar da waya akwai abu biyu da ake raina su. Na farko, giris ɗin da za a shafa mata ya zama mara kauri kuma kaɗan, sannan a bar kamar tsawon tafin hannu daga sama ba a shafa ba, domin juyawar wayar tana iya tura shi cikin kan mita, inda zai manne tsakanin maganaɗisu da kofi ya sa allura ta riƙa yin ƙarya. Na biyu shi ne hanyar da wayar take bi. A bar ta ta yi lanƙwasa mai faɗi, ta bi ta cikin maƙalinta na asali, a juya kan babur hagu da dama har ƙarshe a tabbata ba ta ɗamewa. Masu ɗaure ta da tsinken roba a jikin ƙafar gaba har ta yi gwiwa suna sayen wata wayar ne tun kafin wannan ta tsufa.

Kan mitar ma ana iya gwada shi ba tare da an buɗe ba. A haɗa wayar a sama kawai, a murza bakinta na ƙasa da sauri tsakanin yatsu, ko a kama shi da injin huda ƙarfe a kunna a hankali. Idan allura ba ta tashi ba a juya injin ta ɗaya ɓangaren, domin ta fuska ɗaya kawai take amsawa. Mitoci da yawa na baburan Japan an ƙera su ne su nuna kilomita 60 a awa idan waya tana juyi 1,400 a minti, don haka ba a bukatar a ƙure injin. Kan da yake ƙara kamar kukan ɓera, sandarsa ce ta bushe, kuma ɗigon mai ɗaya a bakin da waya take shiga yakan wadatar. Amma idan sifirin ya tsinke, ko allura ta tashi ta ƙi dawowa, nan ne kawai nake goyon bayan sayen sabo, saboda gilashin mitoci da yawa a matse yake da zoben ƙarfe ko a manne, kuma wanda aka ɓamɓare ba ya cika komawa yadda zai hana ƙura shiga.

Bayan gyara ya kamata a san ko mitar tana faɗin gaskiya. Wayar hannu mai manhajar auna gudu ta GPS tana yin wannan aiki a miƙaƙƙiyar hanya irin ta Katsina zuwa Daura ta Mashi, muddin wanda aka goya ne yake riƙe da wayar. Ana kuma iya amfani da agogo: a gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta Najeriya ta sa wa babur a cikin gari, kilomita ɗaya yana cin daƙiƙa 72. Idan mita ta ɗan zarce gaskiya da kaɗan, haka ake yawan ƙera su. Idan kuwa tana nuna ƙasa da ainihin gudun, a duba tayar gaba, domin wanda ya sa taya mafi tsayi fiye da ta asali ya rage yawan juyinta a kowane kilomita, kuma lambobin da yake dogara da su wajen sanin lokacin juyen baƙin mai su ma za su riƙa rage masa lissafi.